Wasiƙa daga Maraɗi: abin da sabar ta ba ka aro ne

Maraɗi, Jamhuriyar Nijar

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Ya sanyin Faransa, ya kewar gida? Mu nan alhamdu lillahi, an gama girbi, gero da wake sun shigo kasuwa, hunturu ya fara busawa. Na leƙa gida na gaida Inna, tana nan lafiya, ta ce ka riƙa kira.

Manhajar da kake gina wa ƴan kasuwar hatsi ta iso. Na sa ta a salulata, na kuma sa wa wani dillali da muke zama tare a kasuwa. Wallahi aikin ya yi kyau, kuma mutanenmu suna buƙatarta ƙwarai, shi ya sa ba zan ɓoye maka abin da ke damuna ba.

Da na duba lambobin manhajar da ka rubuta (wato code), sai na ga ka zuba komai a ma'ajiya guda ta Redux, kayan aikin da ke riƙe bayanan manhaja: farashin da sabar (kwamfutar nesa da ke riƙe asalin bayanai) ta aiko, yawan buhunan da ke sito, da kuma ƙananan abubuwa irin su wane shafi ne a buɗe ko me mutum ya fara rubutawa a akwatin nema. Waɗannan ba jinsi ɗaya ba ne. Shafin da ke buɗe mallakar wayar ne, babu mai taɓa shi sai mai riƙe da ita. Amma yawan buhuna, asalinsa yana can a sabar, abin da ke wayar kwafi ne kawai. Yaron shago a Tasawa zai iya fitar da buhu 10 yanzu, wayar Alhaji a Maraɗi tana nan tana nuna lissafin safe. Zanen aro ne, kuma ka san ba ya rufe katara. Saboda haka duk amsar da ta zo daga sabar dole ta zauna da shaidarta: yaushe aka karɓo ta, yaushe za ta tsufa, kuma me zai sa a sake tambayowa.

Ga abin da idona ya gani. Dillalin nan ya danna wake, rezo, wato layin sadarwa, ya yi nauyi, bai jira ba ya danna aya. Amsar aya ta riga isowa, sannan ta wake ta biyo baya ta hau kanta. Sai ga allo yana cewa aya a sama, farashin da ke ƙasa kuwa na wake ne. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Malam, yaushe aya ta koma haka?" Shi ya gane don ya san kasuwarsa tun yana yaro. Wanda ke nesa, yana shirin turo kuɗi bisa wannan lamba fa? A wurinku inda intanet ke gudu kamar ruwa da wuya ka ga wannan, amma nan kullum ne. Maganinsa shi ne kowace tambaya ta sami mabuɗinta, wato sunan kaya da sunan kasuwa, amsarta kuma ta sauka ƙarƙashin wannan mabuɗi kaɗai. Tambayar da aka riga aka bari a baya kuma ka soke ta da AbortController, abin soke tambayar da ke kan hanya, duk burauzar zamani tana da shi.

Na biyu ya fi ci mini rai. Duk lokacin da mutum ya koma shafin da ya gani ɗazu, sai manhajar ta share allo ta bar ɗan da'irar nan yana juyawa. A hanyar Dakoro, inda rezo ke zuwa ya ɗauke, sai ka yi tafiya mai nisa kana kallon farin allo, alhali farashin yana cikin wayar tun ɗazu. Nuna masa tsohon, ka rubuta a gefe ƙarfe nawa aka karɓo shi, manhajar kuma ta nemo sabo a ɓoye ta musanya in ya iso. Ɗan kasuwa ya san yadda zai auna labarin safe da na yamma, in dai ka gaya masa na yaushe ne. Wannan dabara ba sabuwa ba ce, tana cikin ƙa'idar intanet ta RFC 5861 tun 2010 da sunan stale-while-revalidate, daga gare ta ma SWR, kayan aikin ɗauko bayanai na kamfanin Vercel, ya samo sunansa.

Ni dai TanStack Query nake ba ka shawara, kayan aikin da ke kula da ɗauko amsoshin sabar da sabunta su, wanda a da ake kira React Query. In kuma ba ka son rabuwa da Redux, akwai RTK Query cikin Redux Toolkit, aiki ɗaya suke yi. Sai dai duk wanda ka zaɓa, kada ka bar shi yadda ya zo. A saitinsa na asali, TanStack Query yana ɗaukar amsa ta tsufa da zarar ta iso, yana sake tambaya duk lokacin da mutum ya dawo kan manhajar, yana maimaita tambayar da ta faɗi har sau 3, kuma yana zubar da abin da ba a amfani da shi bayan minti 5. Mutumin da ya sayi ƴan megas na intanet da kuɗin cefane ba zai yafe maka wannan ba. Jerin garuruwa da kasuwanni zai iya kwana bai tsufa ba, farashi ya ɗauki ƴan mintuna, lissafin sito ne kaɗai ke son a riƙa bibiyarsa. Ka kuma ajiye amsoshin a IndexedDB, ma'ajiyar burauza da ke cikin wayar, don in caji ya ƙare ko wayar ta rufe manhajar, kada a tashi da hannu wofi. Amsar 404 (ba a samu abin ba) ko 401 (ba a tantance mai tambaya ba) kuwa babu amfanin maimaita tambayarta.

Wajen aika bayani ne nake roƙonka ka fi yin hattara, domin nan dukiyar mutane take. In mutum ya danna "sayar" bai ga motsi ba, zai sake dannawa, kowa haka yake yi. Mai yiwuwa kuma saƙon farko ya isa, amsar ce ta ɓace a hanya. Sai buhu 20 ya koma 40 a littafi, a fara zargin yaron da bai ci ba bai sha ba. Ka sa wayar ta ƙirƙiri lamba ta musamman ga kowane ciniki kafin ta aika, sabar kuma in ta ga lambar a karo na biyu ta mayar da amsar farko kawai. Kada kuma allo ya nuna an gama alhali sabar ba ta tabbatar ba. A rubuta "yana jiran rezo" ƙarara. Bayan ta tabbatar, sai a ɗauki lissafin sito a matsayin tsoho a sake nemo shi.

Kafin ka aiko da gyaran, ka buɗe kayan gwaji na Chrome ka rage gudun intanet zuwa 3G, ka kuma yanke shi a tsakiyar ciniki ka ga me zai faru. In ya iso zan kai shi kasuwar Tibiri da Madarunfa mu gwada da masu sayar da gyaɗa, in sha Allahu.

Ka gaida mutanen gida da kyau. Allah Ya sa albarka a wannan aiki, Ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
amininka na Maraɗi