Ƙwayoyin da suka raba gwaggota da maganinta

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana kan maganin homiyofati, wanda mutanenmu da yawa ke ɗauka wani irin maganin gargajiya ne na ganye da saiwa.

Gwaggota mai ciwon suga ta dawo daga wajen wani mai maganin homiyofati da 'yar kwalba cike da fararen ƙwayoyi kamar gero, an rubuta 30C a jiki. Aka ce ta riƙa sa biyar a ƙarƙashin harshe. Ta ajiye maganin asibitinta. Ba a yi wata ba muka kwashe ta ranga-ranga sai asibiti, bakinta a bushe, ba ta gane mutane. Allah Ya sa da sauran kwana.

Ni malamin kimiyya ne, bari in faɗi ma'anar 30C. Ana ɗiga ɗigo ɗaya na sinadari, misali ruwan albasa, cikin ɗigo 99 na ruwa ko alkohol, a girgiza da ƙarfi. Wannan shi ne 1C. Sai a ɗebi ɗigo ɗaya daga nan a zuba cikin wani sabon 99, a sake girgizawa. Haka har sau 30. Daga wajen karo na 12, a lissafi, da wuya a samu ko ƙwayar zarra ɗaya ta albasar. Ruwan ƙarshe shi ake ɗigawa a kan ƙwayoyin sukari. Mai ciwon suga aka ba sukari!

Likitan Jamus Samuel Hahnemann ne ya fito da tsarin a 1796, bisa ra'ayin cewa abin da ke sa mai lafiya hawaye da majina, kamar albasa, shi zai warkar da mai mura. Majalisar binciken lafiya ta Ostireliya ta duba shi a 2015, ba ta samu ingantacciyar hujjar cewa yana warkar da kowace cuta ba. Faransa ta daina biyan kuɗinsa a inshorar lafiya daga 2021. Tun 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kada a yi maganin tibi ko zazzaɓin cizon sauro da shi.

Ban ga laifin gwaggo ba. Ta ce mutumin ya saurare ta kusan awa guda, abin da ba ta samu a layin asibiti.

Don Allah Edita, ka tura wakilinka ya zaga irin waɗannan wuraren, ya tambaye su ko suna cewa marasa lafiya su bar maganin likita.

Wassalam,
Wani malamin sakandare, daga Zariya