Amsa Ga Baffa Malam Kan Tambayar Ranar Suna

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam.

Ranar Juma'ar da ta wuce, a wajen sunan jikanka, bayan an shafa fatiha, ka kira ni gaban jama'a ka ce: "Ke 'yar nan, an ce kina bin gidaje kina hana mata haihuwa. Shin yawanmu ne ya cinye daji? Ko kin manta bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci?" Ban iya buɗe baki ba a lokacin. Kai aminin mahaifina ne, a zaurenka na yi karatun allo a Mai Wurno, garinmu na bakin kogin Nilu a nan Sudan, kuma ba a koya mini mayar wa babba magana cikin taro ba. To amma matan da nake karɓar haihuwarsu sun ji tambayar ta bayan katanga, ya kamata su ji amsarta. Idan na zaƙe, ka yafe wa 'yarka.

Ba zan musa cewa mun yi yawa ba. Ƙidayar da aka kammala a 1956 ta samu mutum miliyan 10 da 'yan kai a Sudan, har da Kudu. Yau, duk da Kudu ta ware a 2011, ana ƙiyasta mun doshi miliyan 50. Kogin Nilu kuwa bai ƙara faɗi ba. Rabon da yarjejeniyar 1959 ta yanka wa Sudan, kubik mita biliyan 18.5 a shekara, shi ne dai har yanzu. Kai ma shaida ne, Baffa. Muna yara, bayan la'asar muke fita itace mu dawo kafin magariba, kowacce da dami a ka. Kafin yaƙi ya tashe mu, sai yaro ya yi sammako da jaki, ya wuni, ya dawo da 'yan ƙirare. Bagaruwar bakin kogi ta yi sarari. Gonar kakana da ta ci da gida guda, gado ya yi ta yanka ta har kowa ya tashi da ɗan fegin da ba ya kai shi damina. Duk wanda ya ce yawan baki ba ya taɓa ƙasa, bai taɓa raba gona ba.

Amma ɗora laifin duka a kan mahaifar matar talaka zalunci ne, kuma a nan ina tare da kai. A nan Gadarif da muke zaune, tun shekarun 1940 aka soma noman tarakta, aka yi ta tuge itatuwa domin dawa da riɗi. Mutum ɗaya sai ya riƙe faddan (wato kusan eka) dubu ko fiye, ba tsayayyen icce ko ɗaya a ciki. Ba mai 'ya'ya tara ce ta share wannan dajin ba. Ita da 'ya'yanta 'yan ƙwadago ne a cikinsa. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, sama da mutum miliyan 10 sun bar gidajensu, gas ya yi wuya, birni da ƙauye kowa ya koma gawayi, manyan motoci na fita da shi buhu-buhu. Hayaƙin da ke ɗumama duniya ma, Ba'amurke ɗaya yana fitar da kusan tan 14 a shekara, ɗan Sudan ko tan ɗaya bai kai ba. Shi ya sa idan na ji wani daga nesa yana cewa haihuwarmu ce za ta halaka duniya, raina yakan ɓaci kamar yadda naka ya ɓaci.

To me nake gaya wa mata? Wallahi ban taɓa yanka wa kowa adadi ba. Abin da nake roƙo shi ne hutu tsakanin haihuwa da haihuwa.

Bari in ba ka labarin daren da ya sa na daina yin shiru. A damina ta farko bayan gudunmu, aka tashe ni cikin dare zuwa wani ajin makaranta da aka zuba iyalai a ciki, an raba da zannuwa. Matar ba ta kai talatin ba, haihuwa ta takwas, kuma kwanika ce; na bayanta ko tafiya bai fara ba. Na haska fitilar waya na ja fatar idonta, fari fat kamar takarda. Ta haihu lafiya, sai jini ya ɓalle. Mahaifar da ta gaji ba ta iya tsukewa. Na yi ta murza cikin, na yi allurar da ke jakata, muka nemi keken jaki cikin taɓo. Kafin mu kai titi ta cika a kan cinyata. Da gari ya waye, babbar 'yarta, yarinya 'yar shekara goma sha biyu, ita ce ta goya jaririn, tana tambayata me za ta ba shi. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, Baffa, kai ka karantar da ni. Amma kai ne kuma ka karantar da ni a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.

Abin da ya fi damuna, wannan hutun ba baƙo ba ne a wurinmu. Kakanninmu da suka biyo Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, daga ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi da Turawa a 1903 sun zo da shi cikin kayansu. Mace takan tafi gida wankan jego, ta sha kunun kanwa, ta shayar shekara biyu kafin yaye, wadda ta yi rurrutsa kuwa har zunɗenta ake yi. Mu ne muka yar da al'adar, ba mu sa komai a gurbinta ba.

A fagen addini ni ɗalibarka ce, sai dai in tuna maka abin da ka fi ni sani. Ayar da ta hana kashe 'ya'ya don tsoron talauci na yi imani da ita, kuma ban taɓa sa hannu a zubar da ciki ba. Amma Alƙur'anin nan ne ya ambaci shayarwa shekara biyu cikakku a Suratul Baƙara, kuma an ruwaito daga Jabir cewa sahabbai suna yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje, alhali wahayi yana sauka. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Kuwait a 1988, ta ce bai halatta hukuma ta kafa dokar ƙayyade wa ma'aurata yawan 'ya'ya ba, ta haramta kashe haihuwa gaba ɗaya in ba da larura ba, sannan ta halatta ba da tazara na wani lokaci idan miji da mata sun yi shawara sun yarda. A kan wannan iyakar nake aiki, ban tsallake ta ba. Idan mace ta zo, nakan ce ta zo da maigidanta mu zauna mu uku.

Kuma ga abin da na gani da idona: gidan da aka ba da tazara, yaran sukan rayu, uwar takan samu ƙarfin tashi, yarinya takan zauna a makaranta maimakon raino. Irin wannan gidan ba sai an ce masa ya rage ba. Idan ƙasa ta samu sauƙi ta wannan hanyar, madalla, amma ni ran uwa ne ya fitar da ni daga ɗaki.

Ina da roƙo ɗaya. Mazan nan ba sa jin tawa, taka suke ji. A karatunka na tsakanin magariba da isha'i, ka ware dare ɗaya ka yi musu bayanin ayar shayarwa, ka gaya musu mai ciki tana buƙatar awo da maganin ƙarin jini tun kafin naƙuda. Idan ka amince, zan zo in zauna a bayan labule tare da mata, duk tambayar da ta shafi jiki ka turo mini ita. A gaida Inna da maijego.

'Yarka,
ungozoma daga Mai Wurno, mazauniyar Gadarif