Wasiƙa daga Lund zuwa ga Baba

Lund, Suwidin

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da Umma da ƙannena, na rubuto ne domin in amsa tambayar da kuka yi mini ta waya kafin layi ya yanke: shin darasin da kuka shafe shekaru kuna koyarwa, cewa launin haske ne ke fizge elektron ba tsananinsa ba, ya tashi ke nan?

Bai tashi ba, Baba. Bayanin Einstein na 1905 yana nan daram muddin ƙwayoyin haske, wato foton, suna isa ga atam ɗaya bayan ɗaya. Atam na iskar argon da muke aiki da ita yana buƙatar ƙarfin da ya kai kusan elektron-bolt 15.8 (ma'aunin ƙarfi ne a matakin atam) kafin ya saki elektron, alhali foton guda na lesarmu, wato na'urar da ke fitar da tattararren haske, mai tsawon zangon nanomita 800, yana ɗauke da 1.55 kacal. A lissafin aji, ko shekara aka yi ana haska shi, babu abin da zai motsa.

Mu kuwa dunƙule hasken muke yi, ta dabarar da Donna Strickland da Gérard Mourou suka fito da ita a Rochester ta Amurka a 1985, har walƙiya guda ta koma femtosakan 30 (femtosakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan sau biliyan na sakan). A wannan ɗan lokaci, tafiyar da haske yake yi ba ta kai kaurin gashin kai ba. Idan muka tattara walƙiyar a ɗigo ɗaya, tsananinta yana kai wat 1 mai sifili 14 a kan kowace santimita murabba'i, alhali ranar tsaka ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na wat ba. Ranar da na fara ganin an tattara ta a cikin iskar ɗaki, sai ga farin tartsatsi a rataye babu abin da ya riƙe shi, yana zuzu kamar zanzaro. Na tsaya da tabaran kariya a fuskata ina ta tasbihi, domin iskar da muke shaƙa ce ake raba ta da elektron ɗinta a gabana.

A irin wannan cunkoso, atam yana iya haɗiye foton 11 a tare ya saki elektron. A 1979 Pierre Agostini ya gano a Saclay ta Faransa cewa wani lokaci ma yana haɗiye fiye da bukatarsa, elektron ya fita da rarar a matsayin gudu.

Amma hanya ta biyu ce ta fi ɗaukar hankalina. Ku ɗauka elektron yana zaune a ƙasan rijiya. Ƙarfin lantarkin da ke cikin hasken yana karkata rijiyar har bangonta na gefe guda ya sirance, sai elektron ya ratsa ta cikin bangon ba tare da ya haura ba, abin da dokokin kwantam kaɗai suka yarda da shi. Leonid Keldysh na Tarayyar Sobiyet ya lissafa wannan tun 1964, ya kuma bar mana ma'auni guda: idan ya yi ƙasa da 1 sosai, ratsa bango ne, idan ya haura sosai, haɗiye foton ne. A gwajinmu yana dab da 1, inda hanyoyin biyu suke cakuɗe, kuma a ganina nan ne tambayoyin suka fi daɗi da wuya.

Ficewa ba tsira ba ce. Ƙarfin hasken yana juyawa kusan kowace femtosakan 1.3, sai ya komo da elektron a guje ya bugi atam ɗin da ya baro, kamar yadda Paul Corkum na Kanada ya bayyana a 1993. Idan ya koma gurbinsa, sai ya amayar da rarar ƙarfinsa a matsayin walƙiya da ake aunawa da attosakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na femtosakan. Anne L'Huillier, wadda take koyarwa a wannan jami'a ta Lund, ta ga wannan haske a argon a 1987, sannan a 2001 Agostini ya auna walƙiyoyi masu attosakan 250, Ferenc Krausz kuma ya ware guda mai 650. Su ukun ne suka karɓi kyautar Nobel ta 2023.

Ina roƙo ku sa Auta ta ɗauko mini hoton shafin nan na tsohon littafinku inda kuka zana farantin tutiya da haske, ta turo ta WhatsApp, domin da shi nake so in buɗe babin farko na kundin digirina. A gaida Umma, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

Ɗanku mai neman albarkarku.