Wasiƙa daga Sakkwato zuwa ga aminina likita

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya sanyin Ingila? Mu nan bazara ta kama sosai, da azahar ko ƙofar mota ba ta taɓuwa.

Ka tambayi abin da ya ɓoye ni kwana biyu. Ɗaliban likitanci ne na ajin ƙarshe. Ka san kowa sai ya yi aikin bincike kafin ya fita, to bana ni aka ɗora wa koya musu hanyoyinsa. Da farko duk hankalinsu yana kan kwamfuta da lissafi. Na ce musu lissafi na nan tafe, amma in tambayar da aka yi wa mara lafiya ta karkace, babu na'urar da za ta miƙe ta.

Na kai su wani ƙauye a yankin Wurno su gwada takardar tambayoyinsu. Wata ɗaliba ta tambayi wata uwa yawan 'ya'yanta, ta ce huɗu. Da muka fito, sai ungozomar garin ta ce biyar ne, ɗan fari ne ba ta ƙirga ba saboda alkunya. Ka duba, yaro guda ya ɓace daga lissafi! Wani kuma ya nace da "zazzaɓi", alhali tsofaffin wurin "masassara" suka sani. Shekarun yaro ma sai an bi ta damina ko sallar da aka haife shi. Ranar suka gane dalilin gwada tambaya kafin a fita da ita, da dalilin zaɓen gidaje da ƙuri'a, kada a tsaya ga na bakin hanya don sun fi sauƙin zuwa.

Inda na fi daɗewa da su shi ne neman yarda. Na ba su labarin Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan, binciken da ya shafi yara kusan 200, kuma 11 suka rasu. Yawancin ɗaliban nawa ba a ma haife su ba a lokacin. Iyayen yaran sun ce ba a sanar da su cewa gwaji ne ba, kuma ka tuna yadda aka riƙa ambaton wannan lamari sa'adda aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Don haka ban yarda ɗalibi ya karɓi dangwalen yatsa ya wuce ba. A gaida mai gari, a nemi izinin mai gida, amma ita uwar sai ta ji da Hausar da take fahimta cewa tana da ikon ƙi, kuma in ta ƙi ba za a hana ɗanta magani ba. Gidajen da ba a shiga, 'yan mata ne ke shiga.

Mun kuma ziyarci asibitin yara masu cutar noma (cutar da ke cinye naman baki da fuska) da ke nan cikin gari, wanda aka buɗe a 1999. Ka san sai a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su. Na tambaye su ko yaran da ke kwance sun isa a san yawan cutar a ƙauyuka. Aka yi shiru, sai wani yaro mai kunya ya ce, "Malam, waɗannan ai su ne suka tsira." Wallahi na ji daɗi har zuciyata, domin cutar tana kashe kusan tara cikin goma in ba a yi magani ba. Yanzu shi da abokansa suna son kwatanta yaran da suka kamu da tsararsu na ƙauye ɗaya da ba su kamu ba, su duba tamowa da ƙyanda da tsaftar baki.

A nan nake neman alfarmarka. Ka fi ni hannu a lissafin yawan mutanen da bincike ke buƙata. Ko za ka ba su awa ɗaya ta intanet wata Asabar da yamma? Ka zaɓi ranar, ni zan tara su.

Ka gaida uwargida da yara. Hajiya tana gaishe ka, ta ce kilishinka na nan in an samu mai tafiya.

Naka amini,
daga Sakkwato