Wasiƙa daga Agege

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da Hajiya da yara. Mu nan Agege sai godiya, in ban da ruwan sama da cunkoson hanyar Ikeja da ka sani.

Ka tambaye ni ko har yanzu ina jin daɗin aikin gyaran jirgi. Ina ji, amma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Tun kafin azumi na kawo shawarar a yi mana akwatin kayan aiki wanda kowane sifana ke da gurbinsa, don a gane nan take in an manta ɗaya a cikin inji. Har yau takardar tana yawo daga tebur zuwa tebur.

Da na yi wa wani dattijon injiniya ƙorafi, sai ya yi dariya ya ba ni labarin kamfanin ƙera jirage na Amurka, Lockheed. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, sojojinsu suka nemi jirgin yaƙi mai injin jet cikin gaggawa. Kamfanin ya ware wani injiniya, Kelly Johnson, ya ce ya zaɓi mutanensa. Ko ofis ba su samu ba, tanti aka kafa musu a Burbank, kusa da wata masana'antar roba mai wari, har sunan Skunk Works ya bi su (skunk wata dabba ce mai wari). Cikin kwana 143 suka gama jirgin XP-80. Wannan sashen ne daga baya ya ƙera jiragen leƙen asiri U-2 da SR-71.

Dokokin mutumin ne suka fi burge ni. Ma'aikata su zama 'yan kaɗan, wuƙa da nama su kasance a hannun shugaban aikin, kuma ladan mutum ya danganta da kyan aikinsa, ba yawan yaran da ke ƙarƙashinsa ba. Wannan ta ƙarshen, in aka kawo ta wurinmu, wasu ogogin hawan jini zai kama su.

Kamfanin jirage na Airbus ma a 2015 sun buɗe BizLab a Tulus ta Faransa, inda a lokacin ma'aikacinsu mai dabara yake samun 'yan watanni ya gwada ta, tare da ƙananan kamfanoni na waje.

Ina saurare, sai Kantin Kwari ya faɗo mini a rai, yadda maigidanka ya yanka maka jari ya ce je ka nema. Bambancin kawai, su waɗannan ma'aikatan ba a sallame su ba: riba ta kamfani ce, faɗuwa ma tasa ce. Kai da ka ɗanɗana bashi ka fi ni sanin wanne ya fi daɗi. Ni dai da za a ba ni makaniki biyu da kafinta ɗaya, wallahi mako guda ya ishe ni akwatin nan.

Ka gaida mutanen majalisa. In ɗan'uwanka zai shigo da shanu kasuwar Oko-Oba, ka haɗo shi da kilishi.

Naka har kullum.