A auna zurfin ɓarna kafin a zaɓi hanyar tsaftace ƙasar da mai ya gurɓata

Assalamu alaikum Edita. Ka ba ni ɗan fili, ni mai haƙar rijiyar burtsatse ne. Tun da aka ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, a Nuwambar 2022, maganar gurɓatar ƙasa da ruwa da mai take cina, balle ga tankunan gidajen mai binne a tsakiyar unguwanninmu.

Idan mai ya malala, 'yan kwangila sun fi son a kafce saman ƙasa, a zuba taki, a riƙa juyawa har ƙwayoyin halittar cikinta su cinye man. Akwai arha, kuma yana yi idan ɓarnar sama-sama ce. To amma fetur ba ya zama a sama. A jigawa sulalewa yake har ya kwanta kan ruwa. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya nuna wannan hanya ta gaza, domin a wurare da dama man ya nutse mita 5. A garin Nisisioken Ogale da ke can an tarar da tataccen mai, kaurin santimita 8, kwance kan ruwan da rijiyoyin jama'a ke ja, sinadarin benzin mai jawo sankara ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900.

Na taɓa yashe rijiya a bayan wani gidan mai. Guga ya fito da maiƙo yana ƙyalli kala-kala, uwargidan ta ce ko kunun yara warin fetur yake. Mai wurin tifar yashi ya kawo ya rufe inda ya jiƙe, wai an gyara. Wallahi abin ya ƙona min rai.

Roƙona ga NOSDRA, hukumar tarayya mai kula da malalar mai: a fara toshe yoyon, a kai wa mutane ruwan sha, sannan a haƙa ƙananan rijiyoyin gwaji a ga inda man ya kai. Wanda ke kan ruwa a janye shi da famfo. Idan ƙasar yashi ce, a hura iska a zuƙe tururin. Idan laka ce, iska ba ta ratsa ta, gara a kwashe a sarrafa kan shimfiɗar da ba ta yoyo. Kada kuma a ba ɗan kwangila takardar kammala aiki sai an gwada ruwan rani da damina, domin idan ruwa ya taso, man da ya maƙale a ƙasa sake shigarsa yake yi.

Naka,
Mai haƙar burtsatse, Gombe