Jini Na Iya Faɗin Yawan Tururin Da Ya Ratsa Jiki

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Na karanta rahoton da kuka buga kan ma'adinin yuraniyom da ke yankin Poli a Arewacin Kamaru, kuma a matsayina na ma'aikacin ɗakin gwajin jini a nan Garwa, ina so in ɗora wani abu da rahoton bai taɓo ba: yadda ake gane yawan tururin nukiliyar da ya shiga jikin mutum bayan abin ya riga ya faru.

Masu ɗaukar hoton ƙashi a asibiti suna maƙala ɗan bajo a riga, wanda ke auna abin da ya ratsa su. Amma ɗan gwangwan da ya tsinci wani ƙarfe mai nauyi a juji ba shi da bajo, kuma tururin nan ba shi da wari, ba ya zafi a lokacin da yake shiga. Abin da ya rage shi ne jininsa. A cikin ƙwayar halittar mutum akwai zaruruwan gado guda 46 da ake kira kuromosom, kowane da ƙugu ɗaya a tsuke. Idan tururin ya karya zare biyu, jiki yakan yi ɗori a kuskure, sai a sami zare ɗaya mai ƙugu biyu. Ga mai lafiya, da ƙyar a ga irin wannan sau ɗaya a cikin ƙwayoyi 1,000, saboda haka yawansa shaida ce mai ƙarfi.

Aikin yana son haƙuri. Ana ɗibar jini kaɗan, a raini fararen ƙwayoyinsa na tsawon awa 48 har su fara rabuwa, a shimfiɗa su a kan gilashi, a rina, sannan mutum ya duƙufa a kan madubin ƙara girma yana ƙirga zaruruwa ɗaya bayan ɗaya, ƙwaya 500 ko 1,000, har idanu su yi ruwa. Daga nan a gwada adadin da ma'aunin da aka samu daga jinin da aka haska da gangan a ɗakin gwaji, sai a san ko gire nawa ne, wato ma'aunin yawan tururin da jiki ya sha. Gwajin yana gano abin da ya kai kusan gire 0.1, yayin da gire 4 a dukan jiki kan kashe kusan rabin waɗanda ya sama idan babu magani. Da wannan likita zai san wa zai kwantar, wa zai sallama. Hoton ƙashi guda bai ma kai abin da gwajin zai gani ba, don haka kada kowa ya guji hoto saboda wasiƙata.

Abin da ke hana ni barci shi ne abin da ya auku a Goyaniya ta ƙasar Birazil a 1987. Wasu mutum biyu sun kwance injin gashin ciwon daji daga wani asibiti da aka yasar, suka sayar wa mai gwangwan, shi kuma ya ga garin siziyom-137, sinadarin da ke fitar da tururin a cikin injin, yana ƙyalli shuɗi a duhu, ya raba wa 'yan'uwa. Mutum 4 suka rasu, ciki har da yarinya 'yar shekara 6, aka duba mutane wajen 112,000, kuma wannan gwaji ya taimaka wajen gane waɗanda abin ya fi ratsawa. Kullum ina wuce yaranmu suna fasa tsofaffin injuna da guduma, hannu babu ko safa, kuma ƙarafa suna ƙetare iyakar Cadi da Najeriya dare da rana.

Roƙona ga hukumar kariya daga tururi da ke Yawunde shi ne a horar da ko da mutum biyu ne a Arewa, ko kuma a tsara tun yanzu inda za a aika jini cikin gaggawa, domin zaruruwa masu ƙugu biyu suna raguwa a jini da tafiyar lokaci. Ku kuma, Malam Edita, ku buga hoton alamar tururin nan mai ganye uku a shafin farko, ku aika wakilinku ya nuna wa 'yan gwangwan ita a inda suke sana'a.

Wassalam,
Mai karanta ku daga Garwa, Kamaru.